FUNKASO DA KUNU MAI ZAƘI: ME SUKE BAI WA JIKI DA SAFE?

A garuruwan Funtua, Bakori da Malumfashi, kafin ƙarfe takwas na safe ma'aikata da 'yan makaranta sun riga sun kewaye masu suya a bakin tasha da ƙofofin makarantu. Waɗansu koko da ƙosai suke nema, waɗansu kuwa funkaso ne ko fanke, a barbaɗa sukari ko a zuba zuma, a haɗa da kunu mai zaƙi. Irin wannan karin kumallo ba Hausawa kaɗai ke yinsa ba. A Indiya da Pakistan akwai wanda suke kira halwa puri, watau waina ce ta fulawa da ake soyawa cikin mai, a ci da tsakin alkama, irin na tuwon semo, wanda aka dafa da sukari da man shanu.

Gaskiyar magana ita ce, abincin yana ba da ƙarfi sosai, amma abin da ke gina jiki a cikinsa kaɗan ne. Masana harkar abinci suna auna ƙarfin da kalori. Giram ɗaya na sukari ko na gari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa kalori 9. Funkaso gari ne da ya sha mai, kunun kuma gari ne da sukari, don haka abu ɗaya aka ci sau biyu. Ga manomin da zai wuni yana huɗa ko tsinkar auduga, wannan ba laifi, domin kafin azahar ya ƙone shi. Akawun da zai zauna a kujera har a tashi daga aiki ba haka yake ba. Rarar takan zama kitse, kuma daga nan ne ƙiba da ciwon sukari suke samun ƙofa. A cikin shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake zubawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a rana, watau kimanin ƙananan cokula 12 ga baligi. Wanda ya zuba huɗu a kunu, ya barbaɗa biyu a funkaso, ya cinye rabin rabonsa tun hantsi bai dubi ludayi ba. Zuma ma a cikin wannan lissafi take.

Akwai kuma bambanci tsakanin funkason gida da na fulawa. A da, alkama ake niƙawa ba a raba ta da dukkan dusarta ba, a kwaɓa, a bar ƙullun ya tashi. Injin kamfani yakan cire dusa da ƙwayar tsiro, waɗanda a cikinsu ne yawancin bitamin B, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da harzar da ke gyara ciki suke. Tun daga shekarar 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A cikin fulawa, sukari da man girki a Nijeriya, amma hakan bai mayar da harzar ba. Shi ya sa ɗalibin da ya karya da fanke da ruwan zaƙi yakan fara hamma tun ba a fita tara ba: farin gari da sukari suna shiga jini da sauri, su kuma sauka da sauri.

Abin mamaki shi ne maganin yana cikin rumbunan wannan yanki. Shirin bunƙasa noma na Funtua da aka soma a 1975 tare da Bankin Duniya ya yaɗa taki da ingantaccen irin masara, har hatsi ya wadata, amma wake, gyaɗa da waken soya su ne masu gina jiki. Alkama tana da furotin kimanin kashi 12 cikin ɗari, wake da gyaɗa wajen kashi 25, waken soya kuwa ya zarce kashi 35. Har ila yau hatsi yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda wake ke da shi a wadace. Iyayenmu da suka haɗa koko da ƙosai ba su san sunan ba, amma haɗin nasu daidai yake. Mutanen Pakistan ma sukan haɗa purinsu da miyar wani nau'in wake.

Saboda haka ba sai an yi hannun riga da funkaso ba. A ci shi da miyar taushe mai kabewa da ganye maimakon sukari, ko a rage guda ɗaya a sayi awara ko ƙosai da kuɗinsa. Kunun gyaɗa ya fi kunun gari zalla, musamman ga yara. Sai dai mai saye ya riƙa duban kaskon: man da ya yi baƙi yana kumfa saboda yawan maimaita suya ya lalace, kuma da shi za a soya ƙosan da awarar.