Samfur: Abin da Abuja za ta koya daga buhun gero a Sakwa

A ofisoshin gwamnatin tarayya, da wuya a kammala rahoto ba a ambaci "samfur" ba. Kalmar aro ce daga sample ta Ingilishi, wadda bakin Bahaushe ya lanƙwasa kamar yadda ya yi wa tebur da kyandir. Sai dai tun kafin zuwanta Hausa na da nata kalmomin, kuma kowace da alkawarin da take ɗauke da shi.

A Sakwa, cikin Ƙaramar Hukumar Zaki ta Jihar Bauchi, manomi ya san bambancinsu sarai. Ɗanɗano shi ne ɗan abin da mai sayarwa ke bayarwa a gwada, ba tare da wani sharaɗi ba. Somin-taɓi kuwa albishir ne cewa babban na tafe. Samfur ya fi su nauyi, domin shaida ce cewa ragowar kayan haka suke. Shi ya sa mai sayen gero ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Sai ya zura hannu can ciki, don gudun algus.

Wannan darasi ya shafi ma'aikacin Abuja kai tsaye. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, saboda haka yawancin alƙaluman da ake tsara ayyuka da su sun dogara ne da hasashe da kuma bincike kan samfurin gidaje. Azare, wadda ta karɓi kujerar Masarautar Katagum a 1916, tana bakin titi, ga sauƙin zuwa. Ƙauyukan Zaki kuwa suna cikin fadamar Haɗeja da Jama'are, inda ambaliya irin ta 2022 ke datse hanyoyi. Jami'in da ya ɗebi samfurinsa a inda mota ta iya kaiwa kawai, bakin buhu ya ɗiba, kuma rabon taki ko na agaji zai bi wannan kuskure.

Haka ma wajen fassara jawabi. Idan aikin gwaji ne da zai iya tsayawa nan, hadimin da ya kira shi somin-taɓi ya ɗaura wa maigidansa bashin da bai sani ba. Jama'a za su zauna jiran ragowar, ranar da ba ta zo ba kuwa, ba tafinta za su tuhuma ba.