Kwano Ɗaya Daga Kowane Gida: Yadda Ɗalibai Za Su Tara Gudummawar Zaman Lafiya a Ƙauyukanmu

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce saboda waɗanda ba su da datar sauke murya.

Yau maganar ta ɗalibai ce, musamman 'yan uwana na Kano ta Arewa: Ɗambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa, Bagwai, Shanono, Dawakin Tofa da maƙwabtansu. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: mu da ko kuɗin rajista sai an sayar da akuya ake biya mana, da me za mu taimaki zaman lafiya a garinmu? Ita zan amsa, dalla-dalla.

To, bari mu fara da ƙasar kanta, don in ba a gane ta ba za a kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko zuwa Bichi ya san babu daji a tsakani. Gona ce a jikin gona, gida a jikin gida. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, tun shekarun 1960 ya fara nazarin wannan yanki da ke kewaye da Kano saboda yawan jama'arsa. Abin da ya nuna shi ne manomanmu suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni. Wannan ƙwarewa ce babba. Sai dai gona ba ta haihuwa, mu kuwa muna haihuwa. Gonar kaka an raba wa 'ya'ya, 'ya'ya sun raba wa jikoki, yau saurayi yana tashi ya tarar rabonsa bai kai ya ciyar da shi wata huɗu ba. Burtali da labi kuwa, inda dabbobi ke bi da inda suke kiwo, a wurare da yawa gonaki sun cinye su.

Ku ɗora talauci a kan wannan. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama. A karkara abin ya kai kashi 72 cikin 100, a birane kuwa 42.

Daga nan ne rigingimunmu ke fitowa, kuma kowanne da lokacinsa. Da kaka, rikicin ɓarnar amfanin gona tsakanin manomi da makiyayi. Da rani, zaman banza: wasu sun tafi cin rani, waɗanda suka rage suna majalisa tun safe, ƙwaya da sholisho suna zagayawa. Kun tuna sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC da aka yi wani ɓangarensa a Kano. Lokacin zaɓe kuma, 'yan siyasa su zo su kwashi yaran nan a mota. A rikicin bayan zaɓen 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12. Yanzu ga sabon abu: a ƙarshen 2025 'yan bindiga sun riƙa tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna kai hari ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna satar mutane da dabbobi. Ɗan bindiga kuwa ba ya shiga garin da bai sani ba sai da mai nuna masa hanya, kuma yaron da ba shi da aiki, ga bashin ƙwaya a wuyansa, shi ne mafi sauƙin saye.

Me ya sa ɗalibai? Saboda ɗalibi ƙafarsa ɗaya tana makaranta, ɗaya tana ƙauye. Ya iya rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, ya kuma san yadda ake durƙusawa a gaida dagaci. Yaran da ake tsoron su lalace ai abokan wasansa ne, tare suka yi firamare da makarantar allo. Kuma tsarin yana nan: akwai Ƙungiyar Ɗaliban Jihar Kano ta Ƙasa, wato NAKSS, akwai ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi a Jami'ar Bayero da sauran makarantu, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako a Ɗambatta a cikin gidanmu. Hatta a duniya an yarda da wannan matsayi. Ranar 9 ga Disamba 2015 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250 kan matasa da zaman lafiya da tsaro, Najeriya kuma ta ƙaddamar da nata tsarin aiwatarwa a Nuwamban 2021, ita ce ta farko a Afirka. Amma takarda a Abuja ba ta biyan kuɗin mashin zuwa ruga. Wannan sai mu.

To yaya ake tarawa? Abin da aka fi sabawa da shi a makarantu shi ne a buga katin gayyata, a kama zaure a birni, a kira babban baƙo, a jira ya yi alƙawari. Ku lissafa kuɗin zaure da kujeru da lasifika da riguna masu tambari, sau da yawa za ku ga sun cinye abin da aka tara, alƙawarin kuma sai an yi ta sintiri. Hanyar da ta dace da ƙasarmu tana cikin abin da iyayenmu suka sani tuntuni: gayya, adashi, gudummawar biki. Ko Kenya, bayan samun 'yancinta a 1963, da irin wannan karo-karo da suke kira Harambe ƙauyuka suka gina makarantu masu yawa.

Mataki na farko, ɗalibai su fara da aljihunsu. Misali, ɗalibi 200 kowa ya ba da naira 500, an sami naira 100,000. Ba yawa, amma da ita za ku shiga gari da bakin magana, ku ce mu mun fara, ga shaida.

Mataki na biyu, a nemi hatsi maimakon kuɗi, kuma a nema da kaka. Manomi a watan Yuli ba shi da ko sisi, duk ya zuba a taki. A Nuwamba kuwa rumbu ya cika, kwano ɗaya na gero ko dawa ko wake ba zai gagare shi ba. Buhu yana cin kusan kwano 40. Gida 400, kwano ɗai-ɗai, buhu 10 ke nan. Ana iya sayarwa a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi ko a kai Dawanau, ana kuma iya ajiye wani ɓangare don ciyar da mahalarta taro. Wasu za su ce a ɓoye sai farashi ya tashi. A yi hattara, akwai shekarun da farashi ke karyewa, ga ƙwari, kayan jama'a kuma ba na caca ba ne. Wani amfanin kwanon nan: tsohuwar da ta ba da shi ta zama mai hannun jari, gobe tana da ikon tambayar ina aka kwana.

Mataki na uku, gayya. Lokacin hutu ɗalibai 30 su ɗauki kwangilar girbi ko ɗaurin dami ko roron wake a gonar mai hali, ladan ya shiga asusu. Mutanen gari in suka ga ɗan jami'a da lauje a hannu, wallahi ya fi jawabin awa biyu tasiri.

Mataki na huɗu, 'yan garin da ke waje: 'yan kasuwa a Kwari da Singa, ma'aikata a Abuja, masu cin rani a Legas da Fatakwal. Waɗannan ta WhatsApp ake samun su, kuma abin da ke sa su sake turowa shi ne hoton lissafi.

A nan zan ja hankali kan abu guda. Wannan sadaka ce muke nema. Zakka tana da mutanen da shari'a ta ware mata, kashi takwas, don haka kada wani ya karɓi zakkar hatsi ya shirya gasar ƙwallo da ita. In an kawo zakka, a miƙa wa malaman gari su nuna inda ta dace.

Sai maganar amana, wadda ita ce ke kashe yawancin ƙungiyoyinmu. Kafin a karɓi kwano ɗaya, a je wajen mai unguwa, ya kai ku wajen dagaci, a sanar da hakimi. Ba a tare hanya da igiya ana karɓar kuɗin matafiya. Kuɗi kada ya shiga asusun shugaba, ko da waliyyi ne. A buɗe asusu da sa hannun mutum uku, ɗaya dattijon gari wanda ba ɗalibi ba. Hatsi ya zauna a wajen wanda gari ya yarda da shi, a rubuta kowane gida da abin da ya bayar. Kowane wata a karanta lissafi bayan sallar Juma'a, a manna kwafi a ƙofar fada. Sannan tunda ɗalibi baƙon makaranta ne, shekara huɗu ya wuce, littafin ya zama na ƙungiya, a miƙa shi hannu da hannu ga masu tasowa.

Kuɗin 'yan siyasa fa? Zaɓen 2027 yana tafe, za su zo. Ra'ayina, duk wanda zai bayar ya bayar a matsayin ɗan gari, a rubuta sunansa a layi ɗaya da mai kwanon gero, ba hotonsa, ba hular jam'iyya. In ya ce sai da hoto, a gode masa ya riƙe abinsa. Ranar da aka ce ƙungiyarku ta wane ce, rabin gari sun fita, kuma su ne rabin da kuke buƙata a wajen sulhu.

Yanzu, me za a yi da abin da aka tara? Na farko, zaman share fagen kaka. Kafin a fara girbi a haɗa manoma da makiyaya gaban dagaci da arɗo da liman, a tsayar da ranar sakin dabbobi cikin gonaki, a amince da waɗanda za su kimanta ɓarna in ta faru. Alaƙar nan tsohuwa ce: shanu su ci kara da harawa, su bar wa gona taki. Abin da zaman yake ci bai wuce kuɗin mashin da abincin rana ba. Ba ma sabon abu ba ne a Kano, Zauren Sulhu da aka kafa zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a kan wannan tunani aka gina shi, na a kashe magana a gida kafin ta kai kotu. Aikin ɗalibai shi ne kai takardar gayyata, rubuta abin da aka amince, da tabbatar da cewa samarin Fulani suna cikin kwamitin da bakinsu, tun daga ranar farko.

Na biyu, aikin rani. A zaɓi yara kaɗan, ko goma ne, waɗanda kowa ya san suna bakin rami. A kai su wajen masu gyaran babur, gyaran waya, haɗa sola, ɗinki ko walda. A biya mai koyarwa kai tsaye, a sayi kayan aiki, kada a danƙa wa yaro kuɗi a hannu. Inda ruwa yake, kamar kewayen madatsar Watari a Bagwai ko ta Tomas a wajen Ɗambatta, a kama musu fili su yi tumatir da albasa, a taimaka da iri da man injin ban-ruwa. 'Yan mata ma a sa su, ta hannun malaman Islamiyya.

Na uku, ƙwallo. Tana tara matasa fiye da komai, amma mun sha ganin gasar ƙauye da ƙauye ta tashi da sanda da gora. Maganinta a cakuɗa 'yan wasa: kowace ƙungiya ta ƙunshi yaran ƙauyuka daban-daban har da na ruga.

Abu ɗaya da ba a taɓa shi: kada kuɗin nan ya sayi makami ko ya ɗauki nauyin wata rundunar sa-kai. Mun ga Zamfara, yadda kashe-kashen 'yan sa-kai ba shari'a da ramuwar gayya suka hura wutar da har yau ba ta mutu ba. Tsaro aikin hukuma ne. Wanda ya ga abin zargi ya kai wa mai unguwa da jami'an tsaro a asirce.

Wayar da kai kuma a yi ta inda mutane suke. Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 21 ga Satumba, tana faɗowa dab da kaka, don haka ta fi dacewa da ƙaddamar da neman kwano fiye da tattaki da kwalaye a titin birni. A roƙi limamai su sa maganar cikin huɗuba. A zauna a teburin mai shayi. A ba sanƙira saƙo ranar kasuwa. A naɗi gajerun muryoyi da Hausa da Fulatanci, don da yawa ba sa karatun boko amma kowa yana sauraron waya. A shiga gidaje ta hannun ɗalibai mata, domin uwa ce ke fara ganin canji a idon ɗanta. Sannan ɗalibai su zama masu tace jita-jita: in aka turo bidiyon hari, a bincika na yaushe ne, na ina ne, kafin wani ya ɗauki adda ya nufi rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

A ƙarshen shekara a auna aiki da tambayoyi masu sauƙi. Cikin yara goman nan, nawa ne har yanzu suke zuwa wajen sana'a bayan wata shida? Ƙorafin ɓarna nawa aka kashe a fada ba a je ofishin 'yan sanda ba? Gida nawa suka sake ba da kwano a shekara ta biyu? Wannan ta ƙarshen ita za ta gaya muku ko gari ya yarda da ku.

Don haka shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da ke saurare, a zamanku na gaba ku zaɓi mazaɓa ɗaya tak, ku sayi littafin lissafi, ku tsayar da ranar zuwa gaida dagaci. A nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake rubuta yarjejeniyar manoma da makiyaya a shafi ɗaya da kowa zai gane. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana matasanmu.