Manya da Karatun Turanci: Abin da Za Mu Koya Daga Sinawa

A ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai magidanta masu yawa waɗanda suka yi 'yan shekaru a makarantar firamare, ko kuwa suka zauna ajin yaƙi da jahilci, har suka iya haɗa baƙi. In ka miƙa wa ɗayansu takardar Turanci, sai ya karanto ta tun daga sama har ƙasa ba gargada. Amma in ka ce masa, "To, Malam, me takardar ta ce?" sai ya sunkuyar da kai. Ya furta kalmomi, ma'ana kuwa ta wuce shi. Wannan ita ce matsalar da muke so mu jawo hankalin malamai da akawuna gare ta.

Kada wani ya ɗauka abin na 'yan jarrabawa ne kaɗai. Manomin Ɗan Isa da ya sayi kwalbar maganin feshi, da Turanci aka rubuta masa yawan ruwan da zai sirka, da kwanakin da zai jira kafin ya girbe. Takardar asibiti, da takardar rance, da saƙon da banki ke aiko wa mutum a waya, galibinsu duk da Turanci suke zuwa. Wanda ya karanta bai gane ba ya fi wanda bai iya karatu ba shiga haɗari, domin shi wancan zai nemi mai karanta masa, wannan kuwa sai ya sa hannu yana tsammanin ya sani.

Ga kuma wani abin lura. Babura da injin ban ruwa da fitilu masu aiki da hasken rana da ake sayarwa a kasuwar Shinkafi, da yawansu daga ƙasar Sin ake kawo su, bayanin da ke tare da su kuwa da Turanci ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ta Kano in ya sauka birnin Guangzhou, da Turanci shi da Basine za su yi ciniki, alhali ba harshen uwar ko ɗayansu ba ne. Saboda haka ya kamata mu duba yadda Sinawa suka yi da wannan harshe, tun da su ma da girmansu da yawa suka koye shi.

YADDA SINAWA SUKA YI

A shekarar 1977 gwamnatin Sin ta maido da jarrabawar shiga jami'a, a 1978 kuma ta buɗe ƙofofinta ga cinikin duniya. Nan da nan ma'aikata da injiniyoyi da malamai, waɗansu da furfurarsu, suka tashi neman Turanci. A 1982 talabijin ɗin ƙasar ya soma nuna wani darasi na BBC mai suna Follow Me, jama'a suka yi ta binsa a gidaje da ma'aikatu. A 1987 aka kafa jarrabawar Turanci ta ƙasa domin ɗaliban jami'a, a 2001 kuma aka umurci makarantun firamare su soma koyar da shi tun daga aji uku.

Abin da ya fi amfani gare mu shi ne yadda suka raba darasin karatu gida biyu. Akwai karatun ƙwaƙwaf, inda ake ɗaukar ɗan gajeren rubutu a tsettsefe shi kalma kalma, a duba nahawunsa da ginin jimlolinsa. Akwai kuma karatun yalwa, inda mutum ke karanta rubutu mai sauƙi da yawa, da sauri, ba ya tsayawa buɗe ƙamus. Da daɗewa makarantunsu suka fi ba na farkon ƙarfi, har su da kansu suka yi ta kukan cewa ɗalibi yakan haddace dubban kalmomi ya ci jarrabawa, amma baki ya ƙi buɗuwa. Suna kiran wannan Turancin bebe. Namu ciwon kishiyar nasu ne: mu baki ya buɗe, sauti yana fita, fahimta ce ta yi ƙaranci. Maganin dai ɗaya ne, watau a haɗa karatun nan biyu, kada a riƙi ɗaya a saki ɗaya.

Har wa yau akwai darasi na biyu. Babban Basine da ya zo koyon Turanci ya riga ya ƙware a karatun harshensa. Ma'aunin da gwamnatinsu ta sa shi ne, ba a cewa baƙauye ya fita daga jahilci sai ya san alamomin rubutunsu 1,500, ma'aikaci kuwa 2,000. Wanda ya saba karatu da harshensa ya riga ya san cewa rubutu magana ce da wani ya ajiye, tana da kai da gindi. Wannan sani shi yake ɗauka ya ƙetara da shi zuwa baƙon harshe.

ABIN DA MAGABATANMU SUKA GANE

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan hikima. An soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura yaƙi da jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororinsa, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka ƙarƙashin kulawar En'e da hakimai. Da Hausa aka fara, ba da Turanci ba. Aka kuma lura cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba zai manta, saboda haka aka kafa hukumar NORLA a 1954, ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Lardin Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, har zuwa 1959. A lokacin nan ƙasar Ƙaura tana cikin Lardin Sakkwato, jirgin ƙasa kuwa, wanda ya iso Ƙaura Namoda tun 1929, yana haɗa ta da Gusau da Zariya.

En'e ta wuce, larduna sun wuce, Jihar Zamfara ta samu a 1996, amma ka'idar tana nan: a kafa karatu da Hausa, sa'an nan a ɗora Turanci a kai, a kuma wadata mai koyo da abin karantawa. Babban mutumin da ba ya iya karanta wasiƙar Hausa ya faɗi abin da ke ciki, kada a ɗora masa littafin Turanci tukuna.

INDA AKE TUNTUƁE

Bahaushe yana da sa'a a wurare da dama inda Basine ke wahala. Baƙaƙen Boko su ne na Turanci, shi kuwa Basine rubutunsa na asali alamomi ne dabam. Hausa tana bambanta shi da ita, Sinanci a baki ba ya bambantawa. Kuma Hausa ta ari kalmomi da yawa, irin su tebur da benci da ofis da fensir da direba, waɗanda mai koyo zai gane su da zarar malami ya nuna masa asalinsu. Sai dai a yi hattara, domin wata kalmar ta sauya ma'ana a hanya. Kanti a wurinmu shago ne, asalinsa kuwa a Turanci wurin cin abinci ne.

Amma akwai ramuka guda huɗu da muke ganin manya suna faɗawa ciki a kai a kai.

Na farko, rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗi, Turanci kuwa ba haka yake ba. Mai koyo yakan ƙarar da ƙarfinsa wajen kokawa da furuci, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta.

Na biyu, ƙananan kalmomi. Ido yakan tsallake not da unless da except da before, ya kama manyan kalmomi, alhali kuwa a kan waɗannan ƙananan ma'ana take juyawa. "A sha kafin abinci" da "a sha bayan abinci" kalma ɗaya ce tsakaninsu.

Na uku, jimlar da ake gabatar da wanda aka yi wa aiki. In an rubuta The clerk was called by the chief, mai koyo yakan ɗauka akawu ne ya kira sarki, domin shi aka fara ambata, alhali sarki ne ya kira akawu. Wasiƙun ofis da takardun kotu cike suke da irin wannan gini.

Na huɗu, tambaya mai korewa. In an ce wa Bahaushe, "Ba ka biya ba?" sai ya ce, "I," yana nufin bai biya ba. Basine ma haka yake amsawa. Bature kuwa a nan a'a zai ce. Wanda bai san wannan ba yana iya amsa kishiyar nufinsa a gaban mai tambaya.

HANYAR DA MUKE BA DA SHAWARA

Wani malamin Ingila, Michael West, wanda ya yi aikin horon malamai a Dakka ta ƙasar Bengal a shekarun 1920, ya ga cewa abin da ɗalibansa suka fi bukata shi ne karatu, sai ya shirya littattafai masu hawa hawa, sababbin kalmomi suna shigowa kaɗan kaɗan, ana maimaita su. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda suka fi yawo a Turanci. Daga baya, a shekarar 2000, binciken Hu da Nation ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin wajen kalma 98 cikin 100 kafin ya gane rubutu shi kaɗai ba taimako, watau baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Wannan ma'auni ne mai sauƙi ga malami. Buɗe shafi, ka sa mai koyo ya ɗaga yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. In yatsun hannu ɗaya sun ƙare bai kai tsakiyar shafi ba, littafin ya fi ƙarfinsa, a nemo wani.

A cikin aji kuwa, ga yadda muke koya wa malamai su yi. Kafin a buɗe takarda, a tattauna batunta da Hausa, domin babban mutum ba yaro ba ne. Manomin da ya shekara ashirin yana noman gero da wake ya fi malaminsa sanin taki, kalmar Turanci kaɗai ya rasa. Sa'an nan a ba shi tambaya tun bai fara ba, misali, "Cokali nawa za a zuba?" don ya shiga karatu yana neman wani abu. A bar shi ya karanta a zuci, ba da ƙarfi ba. In ya gama, ya rufe takarda ya faɗi abin da ta ce da Hausa. Wannan ita ce jarrabawa ta gaskiya, domin mutum yana iya kwafo amsa daga rubutu da Turanci ba tare da ya gane ba, amma ba ya iya juya ta zuwa Hausa sai ya gane. Daga nan sai a koma a tsettsefe jimla biyu ko uku masu wuya, a nuna wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa.

Abin karantawa kuma ya fito daga rayuwarsu: kwalin magani, rasit, takardar cikewa ta banki, sanarwar ƙaramar hukuma. A ƙara da littafin labari mai sauƙi wanda mutum zai tafi da shi gida ya karanta shafi biyu kowane dare. Kada kuma a tsayar da dattijo a gaban 'ya'yan cikinsa a yi masa gyara da tsawa. In ya ji kunya sau ɗaya ba zai dawo ba.

KIRA GA AKAWUNA

Ku ma'aikatan ofis, rabin maganin yana hannunku. Wasiƙar da za ta je ƙauye, a rubuta ta da gajerun jimloli, a fara da wanda zai yi aikin, a sa kwanan wata da adadin kuɗi a fili, in da hali a ɗora fassarar Hausa a ƙasa. Wanda ya zo sa hannu a takarda, kada a tambaye shi, "Ka gane?" domin kunya za ta sa ya ce ya gane. A ce masa, "Faɗa mini abin da ka yarda da shi."

Mun san halin da ƙasar nan ta shiga na rashin kwanciyar hankali, har aka rufe makarantu a Zamfara a 2021, yara da yawa suka rasa karatu. Waɗannan yaran su ne manyan gobe da za su zo neman abin da ya wuce su, kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda tun 1983 ba za ta amfane su ba sai sun iya gane abin da suka karanta. Ajin manya ba ya bukatar gini. Zaure da allo da malami mai haƙuri sun isa. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi. Muna roƙon kowane malami da kowane akawu da ya karanta wannan ya nemi mutum biyar a unguwarsu ya zauna da su sau biyu a mako. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a cikin aikin, amin.