Yaushin ganyen pan: gaskiya da shaci-faɗi

A Indiya da Bangaladash da Siri Lanka, ganyen pan na da irin matsayin goro a wurinmu: ana tarbar baƙo da shi, ana rabawa a biki. Yaɗo ne da ake dasawa da yankan reshe. A yankin Bengal ana nomansa cikin rumfunan gora da suke kira boroj, domin ba ya son rana kuma yana son laima. Wannan laimar ce ke buɗe wa cutar yaushi ƙofa, maganganu kuma sun yi yawa a kanta.

Wai ƙishirwa ce ke kawo yaushin. Ba haka ba ne. Cutar ta fi ƙamari da damina, a gonar da ruwa ke kwanciya. Ƙwayar Phytophthora ce ke ruɓar da saiwa da gindin yaɗon har ya yi baƙi, ruwa ya kasa hawa zuwa ganye. 'Ya'yanta iyo suke yi cikin ruwa daga gindi zuwa gindi, saboda haka wanda ya ga yaushi ya ƙara ban ruwa, cutar ya yi wa aiki.

Wai ƙwayar cuta ɗaya ce. Wannan ma kuskure ne. Akwai fumfunar Sclerotium rolfsii, wadda ke yi wa gindin farin zare-zare da ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, ita ce kuma ke kama gyaɗa da tumatir a gonakinmu. Akwai Fusarium mai toshe jijiyoyin ruwa. Tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli kuwa raunata saiwar take yi, fumfuna ta samu hanyar shiga.

Wai irin dashe na ɗauko cutar. Wannan gaskiya ne. Reshen da aka yanko daga gonar da ta kamu kan zo da ita ko da idonka ya ga lafiya lau yake. Haka ma ƙasar da ta manne a ƙafa ko a fartanya.

Wai da an tuge yaɗon da ya mutu shi ke nan. Rabin gaskiya ce. Tugewa da ƙonewa wajibi ne, amma ƙwayoyin na iya shekara da shekaru a ƙasa. Shi ya sa ake jiƙa ramin da magani, ko a rufe jiƙaƙƙiyar ƙasa da farar leda makonni a tsakiyar bazara domin zafi ya rage su.

Wai feshi mai ƙarfi na tayar da wanda ya yi yaushi. Saiwar da ta ruɓe ba ta dawowa. Haɗin Bordeaux, wanda aka ƙirƙiro a Faransa wajen 1885, rigakafi ne: kilo 1 na shuɗin gishirin jan ƙarfe da kilo 1 na farar ƙasa cikin ruwa lita 100, a tsoma irin dashe, a kuma zuba a gindi. Wasu na cuɗa fumfunar Trichoderma, mai yaƙar masu cutarwa, da tunkuzar 'ya'yan darbejiya su barbaɗa. Tunda ɗanye ake tauna ganyen, yawan feshi haɗari ne ga mai ci.

Magudanar ruwa mai kyau da lafiyayyen iri sun fi kowace kwalbar magani amfani, kuma tun kafin saukar damina ake tanadinsu.