Gashin Ciwon Daji: Masu Dubiya, Ku Ji Tsoron Allah

Abin ya ishe ni. Mace ta samu layi da ƙyar a asibitin Shika ko na Sakkwato, an fara yi mata gashin sankarar mama, fatar wurin ta yi duhu tana ƙaiƙayi, sai wata mai dubiya ta leƙa ta ce, "Yaya, wannan na'ura dafa ki take yi, ki gudu tun da sauran numfashi." Shi ke nan, a tattara kaya a koma gida a kama shafe-shafe.

Gashi haske ne mai ƙarfi da ake aunawa daidai kan ciwon don ya kashe ƙwayoyinsa. A lokacin da ake yi ba a jin zafi, mintuna kaɗan ne. Duhun fata kuwa likita ya san da zuwansa tun kafin a fara. Yakan bayyana a mako na 2 ko na 3, wani lokaci ya ƙaru bayan an gama, sannan ya lafa cikin makonni. Dalilin da ya sa ake raba gashin daga Litinin zuwa Juma'a shi ne lafiyayyen nama ya samu sararin farfaɗowa. Wanda ya tsallake kwanaki, ya ba ciwon hutu ne ya sake tofowa. A sankarar bakin mahaifa ana so a kammala komai cikin mako 8. To wa ya ba mai dubiya izinin katse wannan lissafi?

Ga abin yi. A wanke wurin da ruwa mai ɗumi da sabulu marar turare, a tsane shi da tawul mai laushi, ban da dirza da soso. Kada a goge alamar da aka zana a fata. Ban da man zafi, toka, turare ko garin magani. Man da asibiti suka amince da shi kaɗai za a shafa. A sa sakakkiyar rigar auduga, a kare wurin daga rana. Wanda ake gasa wa wuya ko baki ya koma kunu, fate da ƙwai mai laushi, ya bar yaji, goro da taba, ya riƙa kurɓar ruwa. In ciki ko mara ake gasawa, gudawa ta zo, a yawaita ruwa a sanar da nas. Kasala ma tana zuwa, a rage aiki.

Jure zafi shiru ba jarumta ba ce. A faɗa wa likita, akwai magani tun daga farasitamol har zuwa mofin, kuma ban da sayen tiramol a kemis. Zazzaɓi, zubar jini, kasa haɗiye ruwa ko fata ta sale tana ruwa, a garzaya asibiti ranar.

Ku kuma masu dubiya, ku kawo addu'a da kuɗin mota. In babu, ku kama bakinku.