Ruwa da Mulki: Darasi daga Fagge da Sabon Gari



Hausawa suna cewa ruwa abokin aiki. Abin da nake son mu duba yau shi ne yadda ruwa ya zama abokin mulki, domin tarihi ya nuna cewa duk hukumar da ta riƙe mashayar jama'a ta riƙe wuyansu. Alal misali, mahukuntan Masar sun gina ma'aunin Kogin Nilu a tsibirin Rauda cikin shekarar 861, kuma da tashin ruwan ake yanka wa manoma haraji. Haka kuma, lokacin da Amurka ta janye alkawarin kuɗin madatsar Aswan a 1956, sai Jamal Abdul Nasir ya ƙwace mashigin Suwez, abin da ya kai ga yaƙi.

To, mu komo gida. Fagge tsohon zango ne na fatake da Buzaye a bayan ganuwa, kuma kowa ya san ayari ba ya sauka inda babu rijiya. Sabon Gari kuwa an yanka shi ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, don baƙi daga Kudu. Turawa suka ware wa kansu Nasarawa, suna kafa hujja da kiwon lafiya. Wato tun daga tsarin unguwanni aka rarrabe mutane, aikin hukuma kuma ya bi wannan rarrabewa.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka jawo ruwan famfo daga Kogin Challawa, aka buɗe aikin wajen 1931. Daga Baitulmalin En'e kuɗin suka fito, wato haraji da jangalin talakawa. Turawa suka mai da aikin shaidar amfanin mulkinsu, En'e kuma ta sami sabon ƙarfi: ita ke shimfiɗa bututu, ita ke karɓar kuɗin ruwa. Da aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashinta a 1940, sai baƙi ma suka koma neman ruwa a ƙofar sarauta.

Bayan 'yancin kai salon bai sake ba. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya gina Bagauda da Tiga, kuma har yau da su ake tuna shi. Lalle Tiga ta raya noman rani a Kadawa, amma ita da madatsar Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara a kanta. Masunta da makiyayan can ba su da bakin magana a inda aka yanke shawarar.

A Fagge da Sabon Gari kuwa, rafin Jakara ya zama magudanar ƙazanta, magidanta da yawa suna sayen jarka a hannun 'yan garuwa, da tsadar da ta fi ta famfo. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Idan zaɓe ya matso, sai rijiyar burtsatse ta ɓullo da sunan ɗan takara a jikin tankinta, haƙƙin ɗan ƙasa ya koma alfarma.

Saboda haka, ku ɗalibai da za ku gaji ofisoshin nan, da ku ma'aikata da kuke cikinsu, duk aikin ruwan da ya zo teburinku ku yi masa tambaya uku: wa ya biya, wa zai sha, wa kuma aka hana? Allah ya sa mu riƙe amana. Wassalam.