Rarrabe Ruhohi a Addinin Kirista: Ma'anarsa da Ma'aunansa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da suka daɗe suna ci wa mabiya addinin Kirista tuwo a ƙwarya, akwai matsalar bambanta muryar da ta fito daga Allah da wadda ba daga gare shi ta fito ba. Wani ya miƙe a tsakiyar jama'a ya ce an yi masa wahayi, wani ya ce ya ga abu kaza a mafarki, wani kuwa zuciyarsa ce take ingiza shi ga wani aiki, har ya ɗauka kira ne daga sama. To, ta yaya za a san asalin kowane ɗaya? Hanyar da ake bi a gane hakan ita ce Kiristoci masu magana da Hausa suke kira rarrabe ruhohi, ko kuma gwada ruhohi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ma'anar wannan abu, ta kawo ma'aunan da Littafi Mai Tsarki ya tanada dominsa, sannan ta dubi abin da malaman ikilisiya suka ƙara a kai daga baya.

2.0 Ma'anar Kalmomin

An rubuta Sabon Alkawari da Girkanci, kuma kalmomi biyu ne suka fi ɗaukar wannan ma'ana a cikinsa. Ta farko ita ce diyakirisis, wadda asalinta yake nufin ware abu daga abu. Ita ce Bulus ya yi amfani da ita a 1 Korantiyawa 12:10, inda ya lissafa rarrabe ruhohi cikin baye-bayen Ruhu Mai Tsarki. Ta biyu ita ce dokimazo, kalmar da Girkawa suke amfani da ita wajen gwajin zinariya da azurfa da tsabar kuɗi, don a fid da na gaske daga na jabu. Idan aka haɗa biyun, za a ga aikin ya yi kama da na mace mai tsince tsakuwa daga shinkafa: sai ta baza, ta duba, ta ware, domin da ido daga nesa duk ɗaya suke.

Akwai kuma wani abin lura ga ɗalibin harshe. A Girkanci kalmar da take nufin ruhu ita ce kuma take nufin iska mai hurawa, haka nan abin yake a Ibrananci. Bahaushe ma yana da irin wannan, tun da iska a wurinsa tana nufin wadda take kaɗawa, tana kuma nufin halittar ɓoye, kamar iskokin bori. Amma a Hausar coci, wadda ta daɗa zama daram bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ruhu da aka aro daga Larabci ita ce ta samu gindin zama.

3.0 Ma'aunai a Tsohon Alkawari

Misalin da aka fi sani shi ne na Sarki Sulemanu a 1 Sarakuna sura ta 3. Da Allah ya ba shi zaɓi cikin mafarki a Gibeyon, sai ya roƙi zuciya mai sauraro wadda za ta iya bambanta nagarta da mugunta. Nan da nan sai ga shari'ar mata biyu masu jayayya a kan jariri guda, ba shaida ba mashaidi. Sulemanu ya sa a kawo takobi, tausayin uwar gaskiya kuwa ya tona ta. Darasin da ake ɗauka a nan shi ne, basira kyauta ce da ake roƙo, kuma tana aiki ne a daidai wurin da hujjar zahiri ta ƙare.

Inda abin ya fi tsanani shi ne lokacin da annabawa biyu suka tsaya, kowa yana rantsuwa da sunan Ubangiji, alhali maganarsu ta saɓa. A 1 Sarakuna sura ta 22, annabawa wajen 400 sun haɗa baki sun ce wa Sarki Ahab ya tafi yaƙi Ramot-gileyad zai yi nasara. Mikaiya kaɗai ya ce akasin haka, ko da yake manzon da ya je kiransa ya riga ya ja masa kunne ya bi sahun sauran. Aka jefa shi kurkuku, Ahab ya tafi yaƙin cikin ɓad-da-kama, kibiya ta same shi ya mutu da yamma. Hausawa kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma wannan labari yana nuna cewa a sha'anin gaskiya yawa ba hujja ba ne.

Haka kuma a Irmiya sura ta 28, Hananiya ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a karya mulkin Babila, har ya cire karkiyar itace da take wuyan Irmiya ya karya ta a gaban jama'a. Abin mamaki, Irmiya bai yi gaggawar ƙaryata shi ba. Ya yi fatan abin ya tabbata, ya tunatar da cewa mai albishir da salama ba a tabbatar da shi sai maganarsa ta cika, ya kama hanyarsa. Sai daga baya ya komo da saƙon cewa karkiyar ƙarfe ce za ta maye gurbin ta itacen. Hananiya ya mutu a wata na bakwai na wannan shekara, Urushalima kuwa ta faɗi hannun Babila bayan 'yan shekaru.

Maimaitawar Shari'a ta kawo ma'aunai guda biyu. A sura ta 18, annabin da ya faɗi abu bai auku ba, ba Allah ya aiko shi ba. A sura ta 13 kuwa, ko da alamar da ya faɗa ta auku, muddin ya kira mutane zuwa ga waɗansu alloli, ba za a saurare shi ba. Mai karatu zai lura cewa ma'auni na farko shi kaɗai yana da giɓi ta fuska biyu. Na ɗaya, mutanen da suke tsaye gaban Irmiya da Hananiya suna bukatar yanke shawara tun kafin shekara biyun su cika. Na biyu, Yunusa ya ce za a hallaka Nineba cikin kwana 40, mutanen suka tuba aka yafe musu, wannan kuwa bai sa ya zama maƙaryaci ba. Saboda haka dole a haɗa cikar magana da abin da maganar take kira zuwa gare shi.

4.0 Ma'aunai a Sabon Alkawari

Sabon Alkawari ya ƙara zurfafa matsalar, domin ya nuna cewa ƙarya tana iya aron tufar gaskiya. A labarin jarrabar Yesu a jeji, Iblis ya jawo aya daga Zabura ta 91 don ya sa shi ya diro daga ƙololuwar Haikali. A Filibi kuwa, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura ta 16 ta kawo, wata baiwa mai duba ta yi kwanaki tana bin Bulus da Sila tana shelar cewa bayin Allah ne. Abin da ta faɗa daidai ne, amma Bulus ya gane ruhun da yake magana ta bakinta, ya kore shi. Ke nan jawo aya ko faɗin kalma ta gaskiya bai isa shaida ba. Ana iya tara ma'aunan Sabon Alkawari gida huɗu.

Na farko shi ne aƙida. Wasiƙar Yahaya ta farko, sura ta 4, ta hana masu bi gaskata kowane ruhu, ta kuma sa ma'aunin ya zama shaidar cewa Yesu Almasihu ya zo da jiki na mutum. Dalili kuwa shi ne, a lokacin akwai masu koyarwa da suke musun haka.

Na biyu shi ne hali. A Matiyu sura ta 7, Yesu ya kwatanta annabawan ƙarya da namun dawa masu ɓarna da suka yafa fatar tumaki, irin abin da Bahaushe zai kira kura da fatar akuya, ya ce da 'ya'yan itace ake gane itacen. Ya ma ƙara da cewa waɗansu da suka yi annabci da mu'ujizai da sunansa za a kore su a ranar ƙarshe. Bulus ya lissafa waɗannan 'ya'ya guda tara a Galatiyawa sura ta 5, daga cikinsu akwai ƙauna da haƙuri da tawali'u da kamunkai. Wanda yake Musa a baki Fir'auna a zuci zai iya ɓoyewa na ɗan lokaci, amma hali zanen dutse ne.

Na uku shi ne Nassi. An yaba wa Yahudawan Biriya a Ayyukan Manzanni sura ta 17 saboda kullum suna bincika Littattafai don su ga ko abin da Bulus yake faɗa haka yake. In har an gwada manzo da wannan ma'auni, babu mai wa'azin da zai ce ya fi ƙarfinsa.

Na huɗu shi ne jama'a. A 1 Korantiyawa sura ta 14, Bulus ya umarta annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa. Haka nan da gardama ta tashi kan kaciyar waɗanda ba Yahudawa ba, manzanni da dattawa suka taru a Urushalima, suka saurari shaida, suka duba Nassi, kana suka yanke magana.

5.0 Gudummawar Malaman Ikilisiya

Wani ɗan littafi mai suna Didake, wanda ake jin an rubuta shi a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya kawo ma'auni na zahiri ga masu wa'azi matafiya. A karɓi baƙo kwana ɗaya ko biyu, in ya kai uku, ko ya nemi kuɗi, to annabin ƙarya ne. Wannan ya nuna tun farkon tafiya ikilisiya ta san cewa kwaɗayi yana daga cikin alamomin da suka fi saurin tona asiri.

A farkon ƙarni na 5, Yahaya Kasiyan, wanda ya zauna da masu zuhudu a hamadar Masar, ya juya maganar daga annabin waje zuwa tunanin cikin zuciya. Ya kwatanta mai bi da ɗan canji wanda yake duba ko tsabar zinariya ce ta gaske, ko hatimin sarki ne a kanta, ko nauyinta ya cika. Ya kawo labarin wani tsoho mai suna Heron da ya shekara 50 yana tsananta wa kansa, har ba ya zama cin abinci da 'yan'uwa ko da ranar Ista. Wani ruhu ya zo masa da siffar mala'ika ya ce ya faɗa rijiya, ba abin da zai same shi. Ya faɗa, aka ciro shi da ƙyar, ya mutu a rana ta uku bai yarda cewa an ruɗe shi ba. Maganin da Kasiyan ya bayar shi ne tawali'u, watau mutum ya riƙa buɗe tunaninsa ga dattijo mai basira.

Ignashiyas na Loyola, mutumin ƙasar Sifen, sojan da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Famfalona a 1521, ya lura da wani abu yana jinya. In ya yi tunanin ɗaukakar duniya yakan ji daɗi, amma daga baya zuciyarsa ta bushe. In kuwa ya yi tunanin bin sawun tsarkaka, farin cikin yakan ɗore. Daga nan ya tsara ƙa'idoji a littafinsa na atisayen ruhu da aka buga a 1548. Daga cikinsu akwai cewa kada mutum ya sauya shawarar da ya riga ya yanke a lokacin da zuciyarsa take cikin ƙunci, ya kuma bi sawun kowane tunani tun daga farkonsa har ƙarshensa, domin mugun ruhu yakan fara da abu mai kyau ya ƙare da ɓarna. A ɓangaren Furotesta kuwa, Jonatan Edwas na Amurka ya rubuta a 1746 cewa kuka da rawar jiki da zaƙin baki a wurin ibada ba sa tabbatar da komai, ba sa kuma rushe komai, babbar alama ita ce yadda mutum yake tafiyar da rayuwarsa.

6.0 Haɗari ta Fuska Biyu

Sakaci da wannan aiki ya sha cin rayuka. A 1978 mutane fiye da 900 daga mabiya Jim Jons suka hallaka a ƙasar Guyana. A 2000 ɗaruruwan mabiya wata ƙungiya mai jiran tashin duniya suka ƙone a Kanungu ta Yuganda. A duka biyun an ware mabiya daga danginsu, an kuma hana su tambaya, watau an rushe ma'aunin jama'a.

Ɗaya haɗarin kuwa shi ne mutum ya mai da zato da tsegumi su zama basira, kowa ya gani ya ce yana da mugun ruhu. Surar Matiyu da ta yi kashedi game da annabawan ƙarya ita ce kuma ta buɗe da hana yanke wa mutane hukunci, ta ce mutum ya fara cire gungumen da yake idonsa. Masu zargin Yesu ma sun ce da ikon sarkin aljanu yake fitar da aljanu. Shi ya sa 1 Tasalonikawa sura ta 5 ta haɗa umarni biyu wuri guda, kada a raina annabci, amma a gwada kome a riƙe mai kyau.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa babu ma'auni guda da ya wadatar shi kaɗai. Cikar magana tana bukatar jira, aya tana iya shiga bakin maƙaryaci, hali yana ɗaukar lokaci kafin ya bayyana, jama'a kuma tana iya haɗuwa a kan kuskure kamar annabawan Ahab. Sai an haɗa su ne kowane yake toshe giɓin ɗan'uwansa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 5, ta nuna cewa manya a bangaskiya su ne waɗanda yawan aiki ya horar da hankulansu har suka iya bambanta nagarta da mugunta. Ke nan a koyarwar Kirista rarrabe ruhohi baiwa ce ta musamman ga waɗansu, kuma sana'a ce da aka wajabta wa kowane mai bi ya koya, wadda yake fara gwada ta a kan zuciyarsa kafin ya gwada ta a kan wani.